Na Saya Wa Babana Motar Da Ba Ta Sallama

Daga admin: Wani ɗan gurup ne ya turo min wannan ta bayan fage, ya roƙi a saka ba tare da suna ba. Na saka yadda ya rubuto, sunayen da ke ciki ma ya ce ya canza su.

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'abota mota, da masu sabuwa da masu riƙe da tsohuwa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni ita kafin Litinin, don bayan Litinin ban san ko za ta yi min amfani ba. Na san wasunku kafin su kai rabin rubutun nan za su gane ni, domin ba ni da shiru a gurup ɗin nan, ni ne dai wanda duk lokacin da wani ya saka hoton tsohuwar motarsa yana yabonta sai na rubuta masa a ƙasa cewa ya kai ta gidan tarihi ta huta. Wanda ya gane ni ya rufa min asiri, Allah ya rufa nasa. Yau ban zo da tsokana ba.

Ni ɗan Sabon Gari ne a nan Maradi, ina sayar da siminti da ƙarfen gini, alhamdu lillahi Allah ya rufa asiri. Babana direba ne tun kafin a haife ni, yanzu ya ba shekara saba'in baya. Yana da wata tsohuwar bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufawa da tampol, wadda ko shi kansa ba na jin yana tuna asalin fentinta. Ƙofar gefen fasinja da waya ake ɗaure ta, gilashin gefen direba kuwa tun ina lakwal, wato makarantar boko, ya faɗa ciki bai sake fitowa ba. Mutanen Jiratawa Mai Tari suke ce mata, don kafin ka gan ta ka daɗe da jin ta, tana tafe tana ƙara tana harbi kamar ana dakan ƙarfe. Kullum da safe Baba zai tada ta daga ƙofar gida ya nufi Jiratawa, ya leƙa ƴar garkarsa, ya loda buhunan zogale da kwandunan tumatir na matan garin, su ma su ɗare sama, ya kawo su kasuwa. Wasu ranaku ya yi Tsibiri. Da wannan motar ya ciyar da mu, ya yi mana aure, kuma bai taɓa buge ko kaza da ita ba, wannan kowa ya shaida.

Zan faɗi gaskiya tunda ba a ganin fuskata. Motar nan kunya take ba ni. Ranar da na yi walimar sabon gidana abokan kasuwa sun jera manyan motocinsu kat-kat a ƙofa, kowace tana ƙyalli, sai ga Mai Tari ta kunno kai da hayaƙi, ganyen zogale maƙale a jikinta, Baba ya faka ta a tsakiyarsu hankalinsa kwance. Wani abokina ya raɗa min a kunne, wai Alhaji ko injin niƙa ka yi oda? Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya min a rai. Don haka in na ce muku don Allah da don Baba kaɗai na yi abin da na yi, na yi ƙarya, rabi don idon mutane ne.

Sau uku ina yi masa maganar canza mota yana cewa in bari, shi da ita sun san juna. Ni kuma na ɗauka irin taurin kan tsofaffi ne, irin wanda nake yi wa wasunku dariya a nan. Na sa aka kawo min wata kat-kat daga Lome, otomatik, irin mai haɗa batiri da esansi, wato man fetur, wadda in tana tafiya a hankali ko kukan sauro ya fi ta ƙara. Na ɓoye ta a gidan wani aminina, na jira har Baba ya tafi Damagaram ta'aziyya. Yana juya baya na kira ƴan gwangwan, don na san in Mai Tari na nan da rai ba zai taɓa hawa wata ba. Kwana biyu suka yi suka yanka ta. An ce min tayoyinta na baya yanzu suna ƙarƙashin wata amalanke a Tsibiri.

Da ya dawo ya tarar da sabuwa a wurin tsohuwa, an yi mata wanka, ƴan gida duk sun fito. Ya ɗora hannu a kanta ya zagaye ta yana shafawa, tun daga fitila har baya. Na ce Baba ai a kunne take. Ya tsaya ya karkata kai, ya ce, "Ta tashi? To ina muryatta?" Muka kwashe da dariya. Na ɗauki bidiyon abin na saka muku shi a nan, kuka yi ta sa min albarka, wasu na cewa Allah ya ba su ɗa irina. Abin da ban saka ba shi ne lokacin da ya tambayi Mai Tari na faɗa masa. Ya ce, "To, madalla," ya shige ɗaki. Ranar ko tuwon dare bai ci ba.

Ban tsaya nan ba, har doka na kafa. Na ce an gama dakon zogale, an gama ɗaukar matan kasuwa, kujerun fata ne, ba za a zuba min ruwan tumatir a kai ba, ya huta haka nan ni zan riƙa yi masa komai. Bai musa ba. Amma zuwa Jiratawa da safe bai fasa ba, yanzu dai shi kaɗai yake tafiya, ya duba garkarsa, ya gaisa da mutane ya dawo.

Sati biyu ba a cika ba ya dawo babu madubin dama. Ya ce wani mai kura ne ya goge shi. Na sa aka canza. Bayan kwana goma sai akuya a hanyar Tsibiri, na je na ba mai ita haƙuri na sallame shi. Sai kuma dogon karce tun daga ƙofar gaba har baya, duk a gefe guda. Duk lokacin da na tambaya sai ya ɗora wa motar laifi, ya ce motar ga ba ta da ladabi, ba ta sallama, sai dai mutane su gan ta a kansu. Har tambaya na yi a gurup ɗin nan ko akwai wanda ya lura irin wannan kat-kat ɗin tana ɓoye wa direba gefe, kuka yi ta muhawara, masu tsofaffin motoci suka samu abin yi, suka ce ai ga irinta nan. Ni kuma na yi ta kare ta da hujjoji, ko kaɗan tunanina bai je inda ya kamata ya je ba.

Wata Asabar tawa motar tana garaji, na ce Baba ya rage min hanya. Muna shiga ya kashe kilim mai sanyaya mota, ya sauke gilashi duka biyu, duk da zafin da ake yi. Ya matso da ƙirjinsa dab da sitiyari, ya ɗan karkata kunne waje. Na lura leɓɓansa na motsi, na zaci tasbihi yake, ashe ramukan hanya yake ƙirgawa. Can sai ya yi tsaki ya ce, "Motag ga haɗiye ramu takai, mutum bai sanin inda yake." Mun zo wata mararraba wajen fita gari, sai ga ɗan kabu-kabu ya taho daga dama da mace a bayansa. Tun daga nesa na gan shi, rana tsaka, fili fetal, ko yaro zai gan shi. Baba bai ɗaga ƙafa ba. Na jira, na jira, sai da na ƙwalla salati sannan ya taka birki, hannun babur ɗin ya tsaya bai fi taƙi ɗaya da ƙofata ba. Ɗan kabu-kabu ya buɗe baki zai yi zagi, ya ga furfura, ya haɗiye. Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya, ba ido kaɗai ba, ya kalle shi ya ce, "Wanga daga ina ya hito?" Sannan ya ja mota muka ci gaba.

Washegari na tafi wurin Malam Idi, makaniken da ya fi shekara ashirin yana duba masa Mai Tari. Da farko ya yi ta kewaye-kewaye, sai da na haɗa shi da Allah. Ya ce shekara uku da suka wuce Baba ya kawo motar lafiyarta lau, ya ce a huda masa salansa. Ya huda, Baba ya saurara ya ce a ƙara, ya ƙara, sai da ƙarar ta kai yadda yake so. Ya kuma sa aka ɗaure wayar totur yadda ko ya taka har ƙasa motar ba za ta wuce gudun keke mai sauri ba. Malam Idi ya ce bai tambaye shi dalili ba, ya gane da kansa, don ya miƙa masa makulli ta gefe Baba bai gani ba sai da ya kawo shi saitin hancinsa. Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya ce ai ban tambaye shi ba ranar da na turo ƴan gwangwan, shi ma a bakin mutane ya ji.

Daga nan na wuce Jiratawa wurin Inna Hajo, wata dattijuwa mai sayar da zogale wadda kullum ita ke zama a gaban Mai Tari, sauran mata na baya. Ni a da na ɗauka don ta girme su ne. Na same ta tana tsinke ganye a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ɗana, kai ɗai ne ba ka sani ba. Shekara ukku ke nan ni ka hwaɗa mai hanya. Malam ga jaki dama, Malam ga mai keke hagu, rage, tsaya, tahi. Gabanai shina gani, kamar mai leƙe ta kahwar kara, amma gehe da gehe duhu na. Mu kau nan in munka ji Mai Tari tun daga nesa, kowa shi janye ɗanai da akuyatai daga hanya har ta wuce. Masu amalanke sun sani, masu shago sun sani." Na ce to me ya sa babu wanda ya zo ya gaya mana? Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Mutumin da yak kai masu naƙudarmu likita, yaɗ ɗauki gawarwakinmu, bai taɓa amsar ko dala ba, shi za mu tona ma asiri? Mun iya da abunmu. Kai ne ka zo ka cire mai idanu, ka cire muna kunnuwa, ka ba shi abin da ka tahiya kamar maciji."

Na tashi na nufi mota. Da na koma gida na tsare mahaifiyata, ta yi ta kuka, sannan ta ɗauko min wasu ƴan kwalaben maganin ɗigawa daga ƙarƙashin katifarsa da takardar likita. Hawan jinin ido ne. Ya rantsar da ita kada ta faɗa wa ko ɗaya daga cikinmu. Kafin wani ya ce a kai shi a yi masa aiki, na kai takardar wurin likitan ido da kaina, ya ce wannan ba yana ba ce da ake cirewa, abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage, kuma mai irin wannan takardar bai kamata ya riƙe sitiyari ba ko cikin gida.

Na yi kwana biyu ina neman bakin da zan yi masa magana da shi. Ban ambaci ido ba, na ce kawai zan ɗauko masa direba, ya riƙa zama a baya kamar manyan mutane. Ban taɓa ganin Baba ya yi fushi irin na ranar ba, kuma ko murya bai ɗaga ba. Ya ce shekara kusan hamsin yana tuƙi babu wanda ya taɓa kai ƙararsa. Ya ce na shiga gidansa ba ya nan na yanka masa mota, ya yi shiru don kada ya kunyata ni a gaban mutane, na kore masa fasinjojinsa ya yi shiru, yanzu kuma na zo in mayar da shi kaya. Ya ce ranar da aka karɓe makulli daga hannunsa a sayo likkafani a ajiye, don ba zai daɗe ba, in kuwa ni ne na karɓa, to kada in sa kafaɗa a makararsa. Mahaifiyata tana bakin ƙofa ta dafe kai. Kun san uba bai cika faɗin irin wannan ba, kuma Baba ba mutum ne mai magana biyu ba.

Duk da haka na gwada ƴan dabaru. Na ɓoye makulli, ashe ya san inda na biyun yake. Na sa aka cire wata waya motar ta ƙi tashi, ya kira wani makanike daban ya gyara kafin azahar, kuma daga kallon da ya yi min na san ya gane. Na tambayi Malam Idi ko za a huda wa wannan salansa ita ma, ya ce aikin banza ne, a cikin gari da batiri take tafiya, babu abin da zai yi ƙara. Na koma na durƙusa wa Inna Hajo ta dawo kujerarta, a zuba tumatir a fatar in an ga dama. Ta yarda ta bi shi sau ɗaya. Da suka dawo ta ce ba za ta ƙara ba, Mai Tari tana jira mutum ya gama magana kafin ta motsa, wannan kuwa kafin ta ce jaki sun riga sun isa kan jakin, ita tana da jikoki da take riƙo.

Ran Litinin da ta wuce ina shago sai ga dattawa biyu daga Jiratawa. Suka ƙi zama, suka ƙi shan ruwa. Suka ce ran Asabar Baba ya ture wata mata da goyo a bayanta, tana tafiya a gefen hanya da tire a kai, ba ta ji komai ba sai faɗuwarta cikin rami. Allah ya tsare jaririn, ita kuma ta karye a tsintsiyar hannu. Baba bai tsaya ba, kuma sun tabbata ba gudu ya yi ba, bai san ya taɓa kowa ba. Mijin matar ya so ya tafi wurin jandarma, suka danne shi saboda darajar Baba. Suka ce sun zo wurina ne ba wurinsa ba don ba za su iya kallon idonsa su faɗa ba. Amma Litinin mai zuwa ake komawa lakwal, makarantar kuwa a bakin hanyar take, kuma ƴan ajin farko ba su san komai ba sai gudu. Suka ce daga ranar ba za su iya riƙe kowa ba, ba mijin matar ba, ba samarin garin ba, wasu ma sun fara maganar jefa kututture a hanya. Na je na duba matar, na yi abin da ya kamata. Hannun a ɗaure da karare, tana shayar da yaron da ɗayan, ko kallona ba ta yi ba.

Tun daga ranar na rufe shago nake bin shi da safe, ina ƙirƙiro dalili. Kwana biyu ya bari, amma da na ce Baba ga amalanke sai ya ce in rufe masa baki, shi ya koya min tuƙi. Yau Alhamis da na iso ƙofar gida ya riga ya fita. Na fizgi babur ɗin maƙwabcinmu, na rufe fuska da rawani na bi shi, na cim masa wajen fita gari, na wuce gabansa na danne oda ban saki ba har Jiratawa. Mutane suna ta watsewa daga hanya suna zagina, wasu na cewa mahaukaci ne. Ina kallonsa ta madubi, ƙirji a sitiyari, yana biye da ni kamar an ɗaura masa igiya. Da rana na shiga gaishe shi yana cin abinci, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin tafiyarsa Damagaram. Yake ba mahaifiyata labari wai yau wani ɗan iskan mai babur ya cika masa kunne tun daga gari har garka. Sai ya ce, "Amma Allah shi yi mai albarka, yau na ji daɗin hanya." Na fita waje na jingina da bango na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Yanzu ga inda nake. Ina da aboki da zai iya sa a tare shi a karɓe permi, wato lasisin tuƙinsa, ba tare da hayaniya ba, amma Baba zai san ni ne, kuma kun ji abin da ya ce. Wani ya ce in sa a ɗauke motar in ce an sace, amma in yi wa ubana ƙarya a kan ƙarya, kuma na san shi, zai iya aro ta wani. Ko in tara liman da aminansa a faɗa masa a fili, in tona abin da gari guda ya rufe masa shekara uku. Ko kuma in ci gaba da hawa babur a gabansa kullum, har ranar da zan makara, ko ya canza hanya bai faɗa wa kowa ba. Ina tsoron fushin mahaifi, wallahi ina tsoro, kuma na san ni na jawo duk wannan da hannuna. Amma ina kuma tsoron ranar da za a kira ni a ce in zo, ga ɗan wani a ƙarƙashin motar da na saya.

Don Allah kada ku tsaya zagina, na riga na yi wa kaina. Malaman da ke cikinmu su faɗa min abin da addini ya ce. Wanda ya taɓa karɓar makulli daga hannun mahaifinsa ya faɗa min da wane baki ya yi, kuma yaya suka ƙare. Ran Litinin da ƙarfe bakwai Baba zai tada mota, bakwai da rabi yara za su cika hanyar Jiratawa. Me zan yi?